Ƙugiyar Baƙin Ruwa

Shafi na 19

Masu cika mini akwatin saƙo da "Anti ina shafin yau", na gan ku, ga shi nan ku sarara mini. Ku kuma da kuka yanke wa Baffa Surajo hukunci tun shafi na sha biyu, ku ɗan jingine sandar tukuna, don yau ba shi kaɗai zai sunkuyar da kai ba.

*

Cikin ledar burodi Inna Indo take ajiye takardar, ledar kuma can ƙasan kwallar zannuwanta. Haka ta fiddo ta, ta miƙa wa 'yarta da hannu biyu.

"Ga ta nan, Hamdiyya. Ke kinka yi ta, ke za ki gaya muna abin da tac ce."

Ko jakar kwamfutarta Hamdiyya ba ta sauke daga kafaɗa ba. Tun hantsi wayar Inna ta same ta a shagonta na Yelwa, ta rufe shagon ta hau motar Wara, daga Wara ta hau mashin zuwa tungarsu ta bakin tafki. Duk tsawon hanyar magana ɗaya ke yawo a kanta, wai an kori Baba daga ruwansa.

"Inna, sake gaya mini. Wa ya tare shi?"

"Sufyanu." Inna ta furta sunan kamar mai fidda ƙayar kifi daga baki. "Ɗan Surajo, ƙanen ubanki. Da sahe ubanki yat tahi ɗaga igiyar mamari tai can Baƙin Ruwa, yat tarad da jirgin 'yan sintirin ƙungiya ya gicciye mai hanya. Sufyanu yac ce, Baba ku yi haƙuri, wurin ga na babana ne yanzu, ku takardarku bakin gaɓa tac ce."

"Baba ya ce me?"

"Mi za shi cewa? Ya juya jirgi nai. Igiya tai da ƙugiyoyinta suna can cikin ruwa har yanzu, da abin da sunka kama. Sarkin Ruwa ya aiko, bayan la'asar a kai takardun biyu ofis, ya duba ya raba gardama."

Hamdiyya ta warware takardar. Ta san ta kamar yunwar cikinta, don ita ta zana ta. Wata huɗu da suka wuce ƙungiyar masunta ta tungaye bakwai ta gaji da rigimar "nan ruwan kakana ne", ta sa Hamdiyya ta gina mata shafin intanet. Kowane masunci da shafinsa, da sunansa da hotonsa da wurin kamun kifinsa. A ƙasan shafin akwai maɓalli guda mai suna *Buga*, in an danna shi sai shafin ya rikiɗe ya koma takardar shaida, firinta ta fitar. Ranar rabon takardun har guɗa aka yi mata, ɗiyar Hammadu da ta je makaranta ta dawo wa iyayenta da abin kirki.

Ga hoton Baba da hularsa a karkace. Ga dangwalen yatsansa. Ga hatimin Sarkin Ruwa, shuɗi, zaune daram a kan layin da ya fi kowane layi muhimmanci.

*Wurin kamun kifi: Bakin Ruwa.*

Karatun farko idonta wucewa ya yi, bai ga komai ba. A na biyu ne ya tsaya a kan harafi na uku.

Babu ƙugiya. K ce tsurarta a tsaye.

Wanda ba ɗan tafki ba zai ce to mene ne a ciki. Baƙin Ruwa gurbi ne mai zurfi bayan duwatsu, ruwansa duhu, can giwan ruwa da manyan tarwaɗa ke kwanciya. Bakin Ruwa kuwa shi ne ɗan wuri marar zurfi da ke gaban kwata, inda jirage ke tsayawa mata na wanke kwanuka, in ka wuni da koma a wurin sai ƙananan kifi, warangi da 'yan karfasa. Kaka Magaji ne ya raba wa 'ya'yansa biyu kafin ya rasu. Hammadu babba ya samu Baƙin Ruwa, Surajo ƙarami ya samu Bakin Ruwa. Shekara talatin da 'yan kai babu harshen da ya taɓa rikita sunayen nan biyu, sai da boko ya shigo maganar.

Nan take ta tuna.

Ana gobe rabon takardu ta danna *Buga* don gwaji, sai takarda ta fito cike da ƙananan akwatuna. A fuskar kwamfuta rubutu lafiya lau, amma zubin haruffan da manhajar ke bugawa da shi bai san ƙ ba, bai san ɗ ba, bai san ɓ ba. Duk inda ya ci karo da su sai ya ajiye ɗan akwati fanko. Maganin abin ta san shi sarai, ta sauko da wani zubin haruffan da ya san Hausa. Amma intanet ranar jan ciki yake, ga takarda ɗari biyu da sha huɗu na jiranta, ga Baffa Surajo sakataren ƙungiya na kai da komowa yana duba agogo. Sai ta rubuta layi ɗaya tak cikin umarnin manhajar: kafin a buga, duk inda aka ga ƙ a sa k, ɗ a sa d, ɓ a sa b. Akwatuna suka ɓace, takarda ta fito tas. Har ta yaba wa kanta, ta ce ai Bahaushe zai gane, wa ke sa ƙugiya a saƙon waya?

"To, mi tac ce?" in ji Inna.

"Ina Baba?"

"Shina gindin tsamiyar kwata, shina ɗinkin tarun da bai yage ba."

Hamdiyya ta naɗe takardar ta sa a jaka. Ba ta bi ta kwata ba, ta zagaya ta bayan masallaci don kada su haɗa ido.

*

Ofishin ƙungiya ɗaki ɗaya ne mai rufin kwano, da teburi, da benci biyu, da firintar da ta jawo duk wannan, lulluɓe da tsohon zane. Baffa Surajo na zaune bayan teburin cikin farar riga, tabarau a karan hanci, biro a aljihun gaba. A duk tungayen nan shi ne dattijo ɗaya da ya yi sakandare, kuma bai taɓa barin kowa ya manta ba.

"A'a, Injiniya. Yaushe garin?"

"Ina wuni, Baffa."

Ta durƙusa ta gaishe shi yadda aka koya mata, duk da zuciyarta ba ta durƙusa ba. Ta miƙe ta ajiye kwamfutar a kan teburin, ta soka modem, ta jira ya kama. Shi kuma ya bi ta da ido kawai, bai tambayi abin da ya kawo ta ba.

Ta buɗe shafin Baba ta juya masa fuskar kwamfutar.

"Baffa, karanta mini nan."

Ya gyara tabarau. "Hammadu Magaji. Baƙin Ruwa."

Ta buɗe nasa. "Nan fa?"

"Surajo Magaji. Bakin Ruwa."

"To alhamdulillahi. Kuskure ne aka samu wajen bugawa, kuma nawa ne. Na cire ƙugiyoyi daga dukkan takardu, shi ya sa ta Baba ta fito haka. In Sarkin Ruwa ya zo sai mu nuna masa, in sake buga wa Baba sabuwa."

"Sake buga mai, mi za shi hana? Takarda dai ga ta nan cikin kwali." Ya ja aljihun teburi ya fiddo tasa takardar, an manne ta cikin leda mai ƙyalli, ya shimfiɗa a gabanta. "Amma kahin nan, ke ma karanta mani wagga."

Ta sunkuya.

*Wurin kamun kifi: Baƙin Ruwa.*

Da ƙugiyarsa, cif.

Sai da ta kai fuskarta dab da takardar ta gane. Jikin harafin baƙin tawadar firinta ne, amma 'yar lanƙwasar da ke samansa ta fi shi sheƙi kaɗan. Bakin biro ne, an ja shi a hankali, da hannun wanda ya sha bulala a kan kyan rubutu. Shuɗin hatimin Sarkin Ruwa kuma ya hau kanta ya danne.

"Firintata ba ta buga wannan ba."

"Ni ban ce ta buga ba."

Ta ɗago ta dube shi. Ta zo da shirin ya musa, ya rantse, ya ce sharri take masa. Ko ɗaya bai yi ba. Ya cire tabarau yana goge shi da bakin riga.

"Zauna, ɗiyata, tsayuwa ba ta ƙara maki gaskiya. Ranar da kinka gama bugu, wa kinka damƙa ma takardu ya kai a sa hatimi?"

"Kai."

"Ni. Nan niz zauna, bisa kujerag ga, ina jera su tunga tunga. Nit tarad da ta Yaya Hammadu da tawa a jere. Nid duba wagga, Bakin Ruwa. Nid duba waccan, Bakin Ruwa. Wallahi hwarko dariya niy yi. Har na miƙe in kira ki, kina nan waje kina naɗe waya."

"Me ya hana ka kira ni?"

"Shekara talatin da huɗu sunka riƙe mani ƙahwa."

Ya mayar da tabaran, muryarsa ba ta tashi ba, ta dai yi kauri.

"Kin san abin da kakanki yac ce ranar rabo? Yac ce Hammadu ya san ruwa, a ba shi ruwa. Surajo an sa shi boko, boko za ya cishe shi, a ba shi gaban kwata ko don ya samu na miya. To boko bai cishe ni ba. Na kai takardata Sakkwato, na kai Birnin Kebbi sa'ad da anka yi sabuwar jiha, babu ofishin da ban durƙusa ba. Nid dawo nan ina tsintar warangi tsakanin kumfar wanke-wanken mata, ubanki na wucewa ta gabana da giwan ruwa wanda sai mutum biyu sun ɗauka."

"Bai taɓa hana ka ba. Kullum sai ya aiko gidanka da kaso."

"Aikowa." Ya yi murmushin da babu daɗi a cikinsa. "Ke ba ki san ɗacin kihin da anka aiko maka ba. Matata ta dahwa, ɗiyana su ci, su ce Allah shi saka ma Baba Hammadu. A cikin gidana. Boko anka ba ni gado, Hamdiyya, to da boko nik karɓi rabona. Ɗigon tawada bai kai ƙwayar gero ba."

Abin da ya fi ƙona mata rai shi ne ta ji tausayinsa ya ɗan taɓa ta, ita da ta zo cin mutuncinsa. Ta haɗiye shi da sauri.

"Sata ce, Baffa."

"Ke kinka buɗe ƙohwa."

"Zan gaya wa Sarkin Ruwa komai. Zan nuna masa kwamfuta."

"Nuna mai." Ya sa yatsa a ƙasan takardarsa, inda wani ɗan siririn layi yake. "Amma hwara karanta mai wanga. Wa yar rubuta shi?"

Ba ta bukatar dubawa. Ita ta rubuta shi, ita ta zaɓa masa wuri a ƙasan kowace takarda, tana jin kanta kamar alƙali. *Takarda mai hatimi ita kadai ce hujja.* Ko layin nata ma ƙugiyarsa ta faɗi.

"Kuma ba rubutu kaɗai ba," in ji Baffa. "Ke kinka tsaya gaban tungaye bakwai kinka ce kwamfuta ana iya canza ta kowane lokaci, amma abin da hatimi yad danne ya zauna. Liman yas sa kowa yay yi alkawali, daga ranan babu sauran kakana ya ce. Yau ki zo ki ce a bar takarda a koma ma kwamfuta? Kwamfutar da ke kaɗai ke da mabuɗinta, ke ɗiyar mai ƙara?"

"Akwai kundin Kaka. Na ajami. Can ƙaf daban take da kaf, babu mai rikita su."

"Kundin da kinka kwahe kinka ce zamani nai ya wuce? Na aje shi bisa kabat ɗin can." Ya nuna sama da haɓa, inda tsatsa ta huda kwano. "Daminar bana ba ta yi mai da sauƙi ba."

Ta dubi saman kabat ɗin. Babu komai sai tabon ruwa. Ko damina ce ta ci kundin ko murhun gidan Baffa, ba ta da hanyar sani.

"Dattawa sun sani," ta ce. "Kowa a tafkin nan ya san Baƙin Ruwa na Baba ne."

"Sun sani. Ni kuma in ce musu Yaya ya ga girma ya kama shi, munka yi musanya tsakaninmu, ga dangwale nai. Su zaɓa. In sunka yarda takarda guda ta yi ƙarya, sauran ɗari biyu da sha ukun hwa? Duk wanda bai ji daɗin rabo nai ba gobe shina nan ƙohwar ofis, ya ce tashi ma ƙugiya ta hwaɗi. Kin manta bara da anka hwasa ma mutum kai da filafili bisa gurbi guda? Wane dattijo za shi maida tungaye bakwai cikin wancan hali don Hammadu kaɗai?"

Hamdiyya ta zauna a kan bencin ba tare da ta yi niyya ba. Duk ƙofar da ta nufa sai ta tarar a kulle, kuma in ta duba kwaɗon sai ta ga ita ta sa shi.

Daga masallaci ladan ya kira la'asar. Babu wanda ya motsa cikinsu.

Ta jawo takardar Baba daga jaka ta shimfiɗa kusa da ta Baffa. Iri ɗaya sak, zane ɗaya, hatimi ɗaya. Idonta ya sauka a kan biron da ke aljihunsa, ya daɗe a wurin fiye da yadda ya kamata. Baffa ya gani. Ya zare biron a hankali ya ajiye a tsakiyar teburin.

"Ga biron, in shi kike kallo. Shi ne dai wancan, ban sake ba."

Ba ta taɓa ba.

"Kin kyauta ma kanki," ya ce. "Don ke kinka zana da'irar hatimi bisa sunan wuri, wai don kada wani ya taɓa bayan an sa. Dabara ce mai kyau, na yaba maki ranan. Tawa ƙugiya tana ƙarƙashin shuɗi, ta riga hatimi zuwa. Wadda duk anka ja yau bisa shuɗi za ta hau, ko mai hakiya ya gane. Sannan ba maganar ruwa za a yi ba, maganar ɗiya da uba da sunka yi ma takardar ƙungiya zamba za a yi."

"Baffa, ɗan uwanka ne. Ciki ɗaya."

"Shi ya sa na bar mai gaban kwata. Ban ce ya bar tafki ba."

Baffa ya shiga jera wasu takardu da ba su bukatar jeri, ita kuma ta zuba wa fuskar kwamfutar ido, inda sunan ruwan Baba yake nan daidai da ƙugiyarsa, ba ya amfanar kowa. Sai da inuwa ta tare hasken ƙofa ta ɗago.

Baba ne. Ruwan alwala bai gama bushewa a gemunsa ba, wandonsa a naɗe har ƙwauri, zaren taru maƙale a kafaɗar rigarsa. Hamdiyya ta zame daga benci ta durƙusa.

"Baba, sannu da..."

"Tashi."

Bai dubi ƙaninsa ba, ko sau ɗaya. Baffa ya ce, "Yaya, barka da la'asar," maganar ta faɗi ƙasa babu wanda ya ɗauka.

"Na wuce ta bayan tagar ga za ni masallaci," in ji Baba. "Na ji an ce musanya. Na ji an ce biro. Nit tahi niy yi salla, don kada in shigo da abin da ke raina sa'annan." Ya matso gaban teburin. "Surajo ba ni da tambaya gare shi. Ke nika tambaya."

"Na'am, Baba."

"Ranar rabo, da anka kira sunana, na ce ban dangwala ma abin da ban ji ba. Ni ajami niy yi, bokonku ban san kai nai ba. Kinka karɓi takarda gaban jama'a kinka karanta mani. Da kunnena na ji kin ce Baƙin Ruwa."

"Haka ne."

"To sa'ad da kinka hwaɗi haka, takardar kika dubi, ko abin da ke kanki kinka hwaɗi?"

Da zai ɗaga hannu ya mare ta da ta fi jin sauƙi. Ta tuna ranar sarai. Takardar na hannunta, amma idonta na kan jama'a, kan matan da ke guɗa, kan yadda Baba ke kallonta bakinsa ya ƙi rufuwa. Ta san abin da ta shigar a shafinsa, to me za ta duba?

"Ban duba ba, Baba."

Ya gyaɗa kai a hankali, sau biyu.

"Ni ma ban dubi takarda ba. Huskarki nid duba, nis sa hannu."

Hawayen da take riƙewa tun Yelwa suka zubo. Ta buɗe baki za ta ce a yafe mata, kalmar ta yi mata ƙanƙanta, ta mayar. Wannan mutumin ne ya ƙi cire ta daga makaranta lokacin da duk tunga ke masa dariya. Shi ne yake tuƙa ta a jirgi har Wara ranar komawa makaranta, jakarta a kan cinyarsa don kada ruwa ya taɓa littattafai. Abin da littattafan suka saka masa da shi ke nan.

Baba ya sunkuya kan takardun biyu. Ya daɗe yana dubawa, daga wannan zuwa waccan, kamar mai gwada idon taru. Ya sa kaurin yatsansa a kan ta Baffa.

"Wanga ɗan lanƙwasa shi ne duka?"

"Shi ne, Baba."

"Shi ar ruwana?"

Ta sunkuyar da kai.

"Shekara hamsin ina ɗaura ƙugiya," ya ce. "Ban san akwai wadda ta hi tawa kamu ba."

Sai ya miƙa hannu tsakiyar teburin ya ɗauki biron.

Hamdiyya ta san mahaifinta. Mutum ne da in ya tarar da kifi a tarun wani ya kusa ruɓewa, sai ya ciro ya kai wa mai shi har gida. Bai taɓa tsallake igiyar wani a ruwa ba. Shi ya sa da ta ga ya juya biron ya miƙo mata, ta ɗauka so yake ta jefar.

"Karɓi," ya ce. "Ke kinka cire ta. Maida mani abina."

"Baba, ba ka ji ƙarshen maganar ba. In na sa yanzu, a kan hatimi za ta hau, za a gane..."

"Ban ce ki ƙara mani ko taki guda na ruwan wani ba. Nawa nic ce. Gaskiya ce za ki rubuta, ko ba gaskiya ba ce?"

"Gaskiya ce, amma..."

"Igiyata na cikin ruwa tun jiya, Hamdiyya. Ban taɓa roƙonki komi ba."

Ya kama hannunta ya danƙa mata biron, ya naɗe yatsunta a kai da nasa. Tafinsa kaushi. Ya tura takardar gabanta har ta taɓa bakin teburin.

Ta dubi Baffa. Ya jingina da kujera ya harɗe hannuwa a ƙirji, fuskarsa babu yabo babu fallasa, amma idonsa na kan ƙofa. Sai a lokacin ta gane dalilin da ya sa bai mayar da biron aljihu ba: so yake Sarkin Ruwa ya tarar da shi a hannunta.

In ta ajiye biron, takarda za ta yi magana, Baba ya kwana yau ba shi da Baƙin Ruwa, kuma ya san 'yarsa ce ta ƙi shi a gaban ƙaninsa. In ta ja layin, ruwan da sunansa za su tafi tare.

Bakin biron na saman harafin, tsakaninsu bai kai faɗin farce ba. Hawaye ɗaya ya ɗiga a gefen hoton Baba.

"Sa mana," Baba ya ce a hankali. "Ɗiyata."

A waje aka ji takun mutane da ƙarar sanda a kan dakali. Labulen ƙofa ya ɗaga.

"Salamu alaikum," in ji Sarkin Ruwa. Idonsa ya wuce Hammadu, ya wuce Surajo, ya sauka a kan hannun Hamdiyya. "Ɗiyar Hammadu, mi kike rubutawa bisa hatimina?"